Tarwaɗar Baba Tana Cikin Randa

Zuwa ga Yaya Ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kwanciya, Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, juya ta za ka yi ka ce tururuwa ce ta faɗa cikin tawada ta bi ta kai. Ni ban yi lakol ba, bokon nan, allon ma ka san inda na tsaya. Amma 'yan baƙaƙen da na tsinta sun ishe ni in faɗa maka abin da ke cikina, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yaya, ka cuce ni. Zan faɗa ko da Liman zai ce ba a yi wa mamaci ƙorafi. Tun muna da baƙin gashi nake tambayarka abu ɗaya, ka ƙi ba ni amsa har muka sa ka a rami. Ta yaya kake gane ruwan gaskiya? Shi ke nan abin da na roƙe ka. Ban roƙe ka gona ba, ban roƙe ka garkar da Baba ya bari ba, ka riƙe ban ce uffan ba. Wannan tambaya kaɗai, ita ma ka tafi da ita.

Ka san aikin, ni ma na sani, Baba ya koya mana tare. Rani in ya yi nisa, tabki ya fara ja da baya, sai a zaɓi iyayen tarwaɗa, masu faɗin kai da rawayen ciki, a zuba su cikin rijiyar garka su yi bazara a can. Damina in ta sauka a mai da su tabki, su bi sabon ruwa cikin ciyawa su zuba ƙwai. Duk kifin da mutanen unguwarmu suka ci tun ina yaro, daga wannan rijiya ya fito. Zaɓen na iya. Ciyar da su da dusa da hanjin kaji na iya. Ɗaukar tulu a ka daga garka zuwa bakin tabki, wa ya yi maka shi in ba ni ba? Abin da ban iya ba shi ne ranar. Ba kowane ruwan farko ake sakin kifi a cikinsa ba. Akwai ruwan yaudara, wanda zai zuba kamar da gaske, tabki ya kawo gwiwa, manoma su ruga su yi shuka, sannan sama ta rufe bakinta, rana ta shanye kome. Kai ba ka taɓa faɗawa tarkonsa ba. Wata shekara ruwa zai sauka har sau biyu, gari duk ya ɗauka damina ta zauna, kai kana zaune kana gyaran fatsa kamar ba ka gani ba. Wata shekara kuma ɗan yayyafi ne za a yi, ka tafi bakin tabki kai kaɗai, ka komo ka ce in ɗauko tulu. Kuma sai ruwa ya biyo baya. Me ka gani a can? In na tambaye ka sai ka yi dariya, ka ce in bari sai na girma. Ina da jikoki kana ce mini sai na girma.

Kada ka ce ban sa ido ba. Na sa. Na ga kana dumbuzar laka kana shinshinawa. Na ga ka tsaya ƙarƙashin gawo kana duban ganyensa. Na ga ka tsuguna kan hanyar tururuwa. Wata rana har na ga ka ɗebi ruwan ka kurkure baki ka tofar. Duk na gwada bayanka. Lakar wari take mini irin na laka, ruwan ɗanɗanon ruwa. Ko dama duk wasa kake da ni don ka san ina laɓe bayan kaba ina kallonka?

Ina tuna shekarunmu a bakin ruwan nan, kuma ba na son tunawa don hana ni cin tuwo yake. Farkon damina, shinge ya tashi da yamma yana faɗawa kan ruwa, tabki duk ya ɗauki tafasa don kifi. Kowa na sa tana a fatsa yana jefawa ƙasa, kai ka ƙi. Ka fige gashin zabo ka ɗaura wa ƙugiya da zaren da ka zare daga bakin rawaninka, ka ba shi fiffike biyu kamar shinge, ka aza shi a kan ruwa a hankali. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa Ilu zai ciyar da kifi gashi. Sai ga baki ya buɗe daga ƙasa ya haɗiye. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena. Da kaka ka koma fara, ka ce kifi ya ƙoshi, sai abin da ke tsalle yake kulawa. Da ɗari ba ka fita sai rana ta yi sama, ka ce tarwaɗa ta fi mu jin sanyi, tana kwance a gurbi ba ta son magana. Rani ya zo a buɗe su, wato kamun kifin gayya, maza da mata su faɗa da homa, a yi ta ihu ana zamewa cikin taɓo, kai kana tsaye tsakiya ruwa iya ƙirji kana karɓe iyayen daga hannun mutane kafin su kai su tukunya. Ba wanda ya taɓa yi maka gardama. Ni ina bakin gaɓa da gora. Kullum ina bakin gaɓa da gora.

Bari in ba ka labarin gida, don ka san abin da ka bar ni da shi.

Tabkin ba shi ne wanda ka sani ba. Da, ko bazara ta yi tsanani, gurbin tsakiya ba ya ƙafewa, in an yi kuskure akwai sauran kifi a can da za su rufa asiri. Yanzu masu rake sun kewaye shi da injin ban-ruwa, tun ɗari bai fita ba suke zuƙa, kafin zafi ya shigo ƙasan ya tsage har kana sa ƙafa a ciki. Masu bulo kuma sun bi ƙasan da diga. Gaiwar da ke kwana cikin busasshiyar laka tana jiran damina, suna tono ta suna raba ta biyu, ko kallo ba ta ishe su ba. Na je na yi musu magana, suka ce Baba Mati a je a huta. Ni ake ce wa a je a huta a bakin tabkin ubana. Na je meri, ofishin magajin gari, aka ce in komo. Na komo aka ce mai maganar ya tafi Kance. Ban sake zuwa ba, ba zan tsufa a kan bencin wani ba.

Sai ga mutanen furoje, masu aikin raya karkara, da motarsu da kifinsu cikin leda. Farare-farare, an raine su da abincin buhu a kwamin siminti. Suka ce za su zuba mana kowace shekara, mu daina wahalar rijiya. Na ci nasu sau ɗaya a gidan suna, naman kamar auduga, romon ba maiƙo. Na ce musu namu ba irin wannan ba ne, namu baƙi ne, ya san lakar nan, ya san zafin nan, kakanninsa sun yi bazara a rijiyar Baba. Babbansu ya ce tarwaɗa duk tarwaɗa ce. Na ce to mutum ma duk mutum ne, ya ba ni ɗansa in ba shi na wani. Aka ce na yi rashin kunya ga baƙi. Sun zuba shekara ɗaya, ba su sake dawowa ba, nasu kuma bai ga rani na biyu ba.

Yanzu ka saurara, ga abin da ƙin maganarka ya jawo. Bara, daminar farko da ba ka nan, ruwa ya sauka da ƙarfi. Shamuwa ta riga ta iso, kwaɗi suna ta kuka, duk Matameye an fita shuka. Na je bakin tabki na shinshina laka kamar yadda kake yi, na kurkure baki, na dubi gawo. Zuciyata ta ce yanzu ne. Allah ya taimake ni na ji tsoro, ban kwashe duka ba, na bar kaɗan a rijiya. Sauran na kai na saka. Yaya, na ga sun shiga ciyawa suna kaɗa wutsiya, har na yi hamdala da ƙarfi. Daga nan sama ta bushe. Kowace safiya ina zuwa ina ganin ruwan ya ja da baya. Na ce gobe za a yi ruwa, gobe ta zo na ce jibi. Da na farga in kwashe su, ruwan ya zama kunu, ya yi zafi kamar an dafa. Na tarar da su sun taru a ɗan ramin da ya rage, baki sama, bayansu ya tsage da rana, shirwa na shawagi tana ɗauka ɗaya-ɗaya. Babbar uwar nan mai tabo a gefen ido, wadda ka ce ta girmi auren ɗanka Sani, a hannuna ta ƙare. Ban ci ba, ban bari kowa ya ci ba, na haƙa rami gindin gawo na rufe su. Wa ya kashe su? Ni na ɗauki tulun, na yarda. Amma wa ya bar ni cikin duhu?

Waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu biyu ba. Su ke nan. In sun tafi, irin Baba ya ƙare a duniya, ba kasuwar da za a je a sayo shi.

Bana na yi niyyar ba zan yi gaggawa ba, in bar su a rijiya har damina ta yi tsakiya, ko da za su yi asarar ƙwan shekara. Sai Allah ya nufa ba haka ba. Ruwan farko da aka yi makon jiya ya zo da iska, ya jiƙa bakin rijiyar, ka san yashi ne, itacen da ka kafa kuma gara ta cinye su tuntuni. Da safe na je na tarar gefe ɗaya ya rufta. Ruwan da ya rage ɗan kaɗan ne, ya zama taɓo, ina hango su suna birgima a ciki, ƙasa kuma tana ci gaba da zubowa. Na kira maƙwabta, kowa ya leƙa ya ja da baya, suka ce ba mai shiga kabari da ƙafarsa saboda kifi. Matarka Abu ta ce in na shiga na mutu ba za ta yi mini kuka ba, ta gama kukan masunta. Tana faɗa tana ɗaura mini igiya a ƙugu. Ita da maƙwabta suka riƙe, na sauka.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ka sani. Ina tsoron ruwa. Tun ranar da na zame a gurbi muna yara, ka jawo ni da gashin kai, ban sake barin ruwa ya wuce mini cinya ba. Ɗan masunci, jikan masunci, bai iya iyo ba. Ka rufa mini asiri har ka mutu. In an buɗe su, kai kake cewa da ƙarfi Mati ya tsaya bakin gaɓa don shi kaɗai ka yarda da shi a kan gora, mutane suka ɗauka girma ka ba ni. Ban taɓa yi maka godiya ba. Haushi ma nake ji, don duk lokacin da ka faɗa sai in ji kamar ka tuna mini. To na gode. Na faɗa, kada ka ce ban faɗa ba. Amma godiyar ba ta goge ɗaya maganar ba.

A cikin rijiyar nan na ɗaga kai. Sama ta koma ɗan faifai. Yashi na zubo mini a wuya, duk lokacin da ya zubo sai in ce shi ke nan. Na yi ta lalube cikin taɓo ina kamawa ina sa wa a guga. Ɗaya ta soke ni da ƙayarta a tafin hannu, har yanzu a kumbure yake, da shi nake riƙe alƙalamin nan. Na fito da su duka. Ban yi nisa da bakin ba sauran gefen ya bi. Rijiyar Baba babu ita, Yaya. Wuri ne kawai mai ɗan kwari yanzu.

Suna cikin randar Abu, babbar nan ta gindin bishiyar ɗan bedi. Ta kwashe ruwan shanta ta ba ni, tana mita tana cewa ta auri mutum ɗaya ta ƙare da bautar kifinsa. Ina canza musu ruwa safe da yamma. Amma randa ba rijiya ba ce. Wurin ya yi musu kaɗan, sun fara cizon juna, biyu sun yi farin gyambo a baya. Sun daina karɓar dusa. Matan kuwa cikinsu ya cika da ƙwai, na taɓa na ji. Jiya ɗaya ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, Allah ya sa Abu na kusa, ta riga kyanwa. Ba za su daɗe a haka ba, wannan ko ban tambayi kowa ba na sani. Na nemi wata rijiya. Duk na kusa an sa musu siminti da inji, ana zuba maganin ƙwari a gefensu, masu su kuma sun ce ba sa son ƙarni a ruwansu.

Tabki kuwa yana da ruwa, ya kawo gwiwa. Daidai inda ya kawo bara. Tun ruwan da ya rusa rijiyar ba a sake ɗigo ba. Da yamma hadari na haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi, in tashi tsaye, sai iska ta watsa shi. In na bar su a randa su mutu a hannuna. In na kai su tabki sama ta rufe, su mutu a idona kamar na bara, kuma bana ba sauran da na ɓoye a baya. Ko tuwo na kai baki sai in ga bakunan nan a sama suna neman iska. Ina salla ina rasa raka'a.

Ba wanda ban tambaya ba. Na tambayi Liman, ya ce ruwa na Allah ne, ba wanda ya san gaibu, in yi tawakkali. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma kai ma ba gaibu ka sani ba, wani abu kake gani da idonka, abin da Allah ya ajiye a fili ga mai lura. Na kira ɗanka Sani a Damagaram, yana can yana kabu-kabu. Na ce ko ka taɓa faɗa masa. Ya ce shi bai taɓa tambaya ba, wai in jira ya duba wayar salula ya ga abin da masu duban yanayi suka ce. Ya duba ya ce akwai alamar ruwa, kuma akwai alamar babu. Ya ƙara da cewa in soya su kawai in huta, Baba Mati, zamani ya wuce nan. Ɗanka ke nan, jininka. Na tambayi Abu, na ce shekara da shekaru kuna ɗaki ɗaya, ko da wasa bai taɓa sakin baki ba? Ta ce abin da ta sani kawai, in ranar ta zo ba ka iya karin kumallo. To wannan me zai yi mini? Ni ma yau ba na iyawa.

Wani lokaci ina zama ina tunanin ko kai ma ba ka sani ba. Ko kai ma tsoro kake ji kowace shekara, ka je bakin tabki kai kaɗai don kada in gane, ka yi bismilla ka ce a ɗauko tulu, Allah kuma ya yi ta rufa maka asiri. In haka ne, me ya hana ka faɗa mini? Da mun ji tsoron tare. Wannan tunanin ya fi kowane tayar mini da hankali, don in babu abin sani, to babu wanda zai cece su. Na fi son a ce rowa ka yi mini.

Kuma ina tsoron zuwa inda kuke. Ƙafafuna sun fara kumbura, na san ba nisa. Ba mutuwar ce ke damuna ba kamar haɗuwa da Baba. Shi ya fara sa kifin nan a rijiya shekarar da tabki ya fara ƙafewa, ya ɗauke su a tulu da kansa. Ya ba ka, ka riƙe har ƙarshen ranka ba ka yi asarar iri ba. Ni aka ba ni, damina biyu kawai. Da wane ido zan dube shi? Kai za ka tsaya gefe ka yi dariyar nan taka?

Gobe bayan asuba zan je bakin tabki. Abu ta wanke tulun ta kife shi bakin ƙofa. Zan tsaya inda kake tsayawa. Ban san ko zan komo in ɗauke shi ko in bar shi a kife ba.

Na yafe maka garka, na yafe maka dariya, Allah ya gafarta maka ya haɗa ka da Baba cikin rahama. Sai mun zo. Amma kafin nan ina son amsa, kuma ba zan roƙa da lallashi ba, na gaji da lallashi. In an yarda matattu su zo cikin mafarki, ka zo, ka buɗe baki ka yi magana kamar mutum. In ba a yarda ba, ka roƙa a turo wani. Tsoho ne daga Kurni ko Icirnawa da ya taɓa ganin irin wannan aiki, tsuntsu ne, iska ce, ban damu ba, in dai zan gane. Duk tsawon raina ina tambaya ana ce mini in jira. Su waɗannan da ke cikin randa ba su da sauran jira. Wannan ruwan da ke kwance a tabki yau, na gaskiya ne ko na yaudara? In sake su ko in riƙe? Wani ya amsa mini. Yaya, ka amsa mini.

Ni ne ƙanenka,
Mati, daga tsakar gidanka a Matameye.